Ina Za Ku Ƙera Motar Ado ta Fareti, Ina Kuma Za Ku Ajiye Ta?

Duk ƙungiyar da ta taɓa fitar da motar ado a fareti ta san cewa zana motar a takarda bai kai neman wurin tsayar da ita wahala ba. Ina nufin dandamalin nan mai taya wanda ake ɗora wa mutum-mutumi da furanni da fitilu, tarakta ko babbar mota ta ja shi a tsakiyar jama'a. Fitarta ta 'yan sa'o'i ce, ƙirarta kan ci makonni ko watanni, sauran kwanakin shekara kuwa a tsaye take tana cin wuri, ruwa da rana da ɓera suna cin ta.

Abin da nake so kwamiti ya riƙe tun kafin ya fara zagayen duba wurare shi ne buƙatu biyu ne a gabansa. Wurin ƙira yana son faɗi da tsayi da wutar lantarki da iska, amma na ɗan lokaci. Wurin ajiya yana son bushewa da kulle mai kyau na tsawon watanni, kuma ba lallai ya yi girma ba idan tun farko an ƙera motar yadda za a iya kwance ta. Mafi yawan kuɗin da ƙungiyoyi ke zubarwa a wannan harka suna tafiya ne wajen biyan wuri ɗaya shekara guda cur domin ya yi aikin biyu.

Abubuwan da za a auna kowane wuri da su

Ƙofa ce ta farko, da hanyar da ke bayanta. Zaure yana iya zama mai tsayin mita takwas a ciki, ƙofarsa kuma mita uku da rabi, to motarku ta mita uku da rabi ce ke nan, ko kun so ko kun ƙi. Ku tafi da tef ɗin awo, ku auna tsayin ƙofar daga daɓe zuwa mafi ƙasƙancin abin da ke rataye a samanta, don ƙofar ƙarfe mai naɗewa takan bar ɗan leɓe a ƙasa ko an ɗaga ta gaba ɗaya. Ku duba ko akwai tudu ko gangara a bakin ƙofar, saboda doguwar tirela idan ta hau tudu gabanta ko bayanta yakan ɗaga, abin da ya shige a awo sai ya bugi saman ƙofa a zahiri. Daga nan ku bi hanyar da motar za ta bi har wurin taron, da ƙafa idan zai yiwu, kuna ɗaga kai: gada, wayoyin lantarki, rassan bishiya, allunan talla, kwana mai matsi. A ƙasashen Turai da dama iyakar abin hawa na yau da kullum ita ce faɗin mita 2.55 da tsayin mita 4, a Amurka kuma faɗin kusan mita 2.6. Abin da ya wuce iyakar da dokar wurinku ta sa yana buƙatar izini na musamman, wani lokaci har da rakiya.

Manyan masu wannan sana'a ma ba su tsira daga hukuncin hanya ba. Kamfanin Macy's, wanda yake faretinsa a New York tun 1924, yana ƙera motocinsa ne a Moonachie da ke jihar New Jersey, kuma dole kowace mota ta naɗe ta koma tsayin kusan mita 3.8 da faɗin mita 2.4 kafin ta ratsa hanyar ƙarƙashin ruwa ta Lincoln zuwa cikin birni. A faretin furanni na Pasadena a Kaliforniya, wanda ake yi a farkon kowace shekara tun 1890, dogayen motoci sai sun sunkuyar da samansu kafin su wuce ƙarƙashin gadar babbar hanya da ke kusa da ƙarshen tafiyar.

Na biyu faɗin daɓe. Ɗauki mota mai tsawon mita 10 da faɗin mita 2.5. Domin a kafa tsani a kuma wuce da katako, ana son a bar mita biyu a kowane gefe, wato mita 14 sau 6.5, murabba'in mita 91 ke nan. A ƙara wurin teburin aiki da na jibge kaya, an tasam ma 140. Wannan motar kuwa idan ajiye ta kawai za a yi, murabba'in mita 35 ya ishe ta. Wanda ya riƙe 140 har wata goma sha biyu ya biya kuɗin murabba'in mita 1,680 a lissafin wata-wata. Wanda ya riƙe 140 na wata uku, sannan 35 na wata tara, ya biya na 735, bai kai rabi ba. Gaskiya ne hayar ɗan lokaci takan fi tsada a kowane wata, kuma ɗaukar mota daga wuri zuwa wuri yana da nasa kuɗi, amma tazarar tana da faɗin da ya kamata a zauna a yi lissafinta.

Na uku gobara, kuma a nan nake so a fi tsayawa. Dubi abin da ake ƙera waɗannan motoci da shi: busasshen katako, takarda da gam, yadi, fenti da sinadarin tsinka shi, da farin soso mai tauri irin wanda ake kare kayan lantarki da shi a cikin kwali. Sosan nan yana kamawa da sauri, yana narkewa yana ɗiga da wuta, yana fitar da baƙin hayaƙi mai guba. A gefen duk wannan kuma ga mai walda yana haɗa ƙarafan gindi, tartsatsi na tashi. Ƙa'idar da ake bi a Amurka ita ce a nisantar da duk abin da ke kamawa da wuta kimanin mita 11 daga wurin walda, ko a lulluɓe shi da mayafin da ba ya ci, a kuma bar mutum yana gadi aƙalla rabin sa'a bayan an kashe injin, domin tartsatsin da ya faɗa cikin ɗiɗɗigar katako yakan daɗe yana ci a ɓoye kafin ya bayyana. Wurin da ba zai ba ku wannan tazarar ba, to ku yi waldar a waje ko ku gama ta kafin a shigo da soso. Ku tambayi ƙofar fita nawa ce, ina tukwanen kashe gobara suke, kuma motar 'yan kwana-kwana za ta iya isowa bakin ƙofa.

Na huɗu danshi. Takarda da gam suna shan laimar iska su yi laushi, fumfuna ta hau yadi, ƙarfe ya yi tsatsa, gara ta samu hanya idan katako ya taɓa ƙasa. Ku je duba wuri bayan an yi ruwa, ku kalli daɓe ku ɗaga kai ku kalli kwano. Tabon ruwa a jikin bango yana faɗin abin da mai wuri ba zai faɗa ba.

Sauran ma'aunan ba sa buƙatar dogon bayani. Akwai lantarkin da zai ɗauki injin walda, da iskar da za ta fitar da warin fenti. Akwai kusanci, domin masu aikin sa-kai bayan tashi daga aiki suke zuwa, wurin da ya yi nisa kuwa a mako na uku za ku ga mutum huɗu ne kawai ke zuwa. Akwai ruwa da makewayi. Sai tabbas: wa ke da ikon ce muku ku kwashe, kuma kwana nawa zai ba ku?

Hayar sito

Wannan ne zaɓin da kowa ke fara tunani, kuma ta fuskar aiki babu kamarsa: daɓen siminti shimfiɗaɗɗe, rufi mai tsayi, babbar ƙofa, lantarki mai ƙarfi, makulli a hannunku. Ku shiga lokacin da kuka so, ku bar aiki a inda ya tsaya ku dawo gobe ku tarar da shi.

Tsadarsa ce matsalar, kuma ba ta tsaya ga kuɗin haya ba. Akwai kafin alƙalami, kuɗin wuta da ruwa, inshora, wani lokaci da kason gyaran gini da na gadi. Masu sito sun fi son yarjejeniyar shekara ɗaya zuwa sama, ƙungiyar da ke rayuwa da gudummawa kuwa ba ta san abin da baɗi zai kawo ba. Ku karanta takardar da kyau a kan abu uku: an yarda a yi walda da feshin fenti a ciki, an yarda 'yan sa-kai da yawa su shiga ciki har da yara, kuma wane ne zai sa hannu. Wannan na ƙarshen yana da nauyi. Idan ƙungiya ba ta da rajista, mutum ɗaya ne zai sa hannu da sunansa, ranar da asusu ya bushe kuma shi za a bi bashi. Ban ga dalilin da za a ɗora wa mutum ɗaya wannan kaya ba.

Dabarar da ke rage tsada ita ce neman siton da ya daɗe babu kowa, ko wanda ake jiran rushewa ko sayarwa. Mai shi yakan yarda da hayar wata uku a farashi mai sauƙi, don ko ba komai an share masa wuri an kuma kore masa ɓarayi. Irin wannan ya dace da ƙira, amma kada a kuskura a mai da shi wurin ajiya.

Aron wuri

Rumfar gona, garejin wani kamfanin sufuri, zauren filin baje koli a lokacin da babu taro, bayan wata makaranta. Yawancin ƙananan ƙungiyoyi da haka suka fara, wasu da haka suke har yau. Kuɗi kaɗan ne ko babu, sau da yawa ma mai wurin yakan ƙara da aron tarakta da kayan aiki.

Sai dai zanen aro ba ya rufe katara. Manomi zai buƙaci rumfarsa ranar da amfanin gona ya shigo, kuma ba zai duba kalandarku ba. Manajan da ya ba ku gareji zai iya barin aiki, wanda ya gaje shi ya ce bai san zancen ba. Gona ta canza hannu, makaranta ta samu sabon shugaba. Babu mugun nufi a cikin ko ɗaya, amma sakamakon ɗaya ne: mota rabi a ƙere, saura mako uku fareti, ga ta a waje.

Maganin abin takarda ce, ko da shafi ɗaya. A rubuta ranar shiga da ranar fita, aikin da aka yarda a yi, wanda ke riƙe da makulli, wanda zai biya wuta, da kwanakin sanarwa kafin a ce ku tashi. Mutane kan ji nauyin neman takarda daga wanda ya yi musu alheri, alhali takardar shi ta fi karewa. Inshorar gini da aka yi a kan ajiye hatsi ko motoci tana iya ƙin biya idan gobara ta tashi daga waldar da ba a sanar da kamfanin ba, mutumin da ya taimake ku sai ya wayi gari ba rumfa ba diyya. Ku sa shi ya tambayi kamfanin inshorarsa kafin ku shigo da ƙusa ɗaya, idan akwai ƙarin kuɗi ku biya. Rumfar gona kuma tana da nata baƙi: ɓera yana son soso da yadi don yin sheƙa, tsuntsaye suna ɓata fenti daga sama, daɓen ƙasa yana tayar da laima.

Tanti ko rumfar wucin gadi

Ana raina wannan zaɓi, bai kuma cancanci raini ba. A garin Zundert na ƙasar Holan, inda ake faretin furanni tun 1936 a Lahadin farko ta watan Satumba, unguwanni da ƙauyuka 20 ne ke gasa, kowannensu kuma a cikin ƙaton tanti yake ƙera motarsa tsawon watannin zafi. Motocin ba ƙanana ba ne, wasu kan kai mita 19 a tsawo da mita 9 a tsayi. Biki ya wuce a wargaza mota a sauke tanti, fili ya koma yadda yake.

Amfaninsa a fili yake: ku ne za ku yanke tsayi da faɗi, ba ku da matsalar ƙofa don gefe guda ake buɗewa, iska tana shiga, kuna iya kafa shi kusa da inda masu aiki suke ko kusa da inda fareti zai tashi. Kuɗinsa matsakaici ne idan haya ne, idan saye ne kuma yana biyan kansa cikin 'yan shekaru muddin akwai inda za a adana ƙarafan da tamfol.

Haɗarinsa iska ce. Babban tanti yana kama iska da dukkan jikinsa, idan ba a ɗaure shi da turaku masu zurfi ko nauyin kankare ba, guguwa ɗaya ta isa ta ɗauke shi ta kifar a kan aikin wata biyu. Masu sana'ar kafawa ne ya kamata su kafa, hukuma kuma a wurare da yawa tana son a nemi izini. Tsaro ma rauni ne, tunda wuƙa tana buɗe tamfol, saboda haka injin walda da janareta da sauran kayan aiki sai an kwashe kowane dare ko a kulle su a wani wuri. Janareta kuwa a waje ake ajiye shi nesa da bakin tanti, don hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ke kisa ba wari ba launi. A matsayin wurin ajiya na shekara, tanti ba ya yi.

Kwantena da ɗan fili

Nan ga akasin tanti: ba a ƙira a ciki, amma wajen ajiya da wuya a samu abin da ya fi ta a wannan farashi. Kwantena mai ƙafa 40 tana da tsawon kusan mita 12, faɗin ciki kusan mita 2.35, ƙofarta kuma faɗin mita 2.34 da tsayin mita 2.28, ko kusan 2.58 a irin masu ƙarin tsayin rufi. Waɗannan lambobi su ne za su zama ma'aunin zanenku. Kan mutum-mutumi, fukafukai, bangon ado, kowanne a ƙera shi yadda zai shige wannan ƙofa, a haɗa su da noti a maimakon walda ko gam, a rubuta wa kowane yanki lamba a bayansa, a ɗauki hoton yadda aka haɗa kafin a kwance. Gindin motar, wato tirelar, ya tsaya a waje a ƙarƙashin tamfol.

Wannan tunani ba sabo ba ne. A bikin Gion na Kyoto a Japan, manyan kekunan adon da wasunsu ke kai tsayin mita 25 da nauyin tan 12 ba a ajiye su a tsaye. Kowane watan Yuli ake fito da sassansu daga ma'ajiya a haɗa su a kan titi da igiya, babu ƙusa ko ɗaya, bayan biki a sake kwance su. Ɗaliban jami'ar Cal Poly ma, masu shiga faretin Pasadena, rabi-rabi suke ƙera motarsu a harabobi biyu, San Luis Obispo da Pomona, sannan a haɗa.

Abin lura da kwantena shi ne gumi. Da rana ƙarfen yana zafi ƙwarai, da dare ya huce, laimar da ke ciki ta taru a rufi ta riƙa ɗiga a kan kaya. Kada a saka abu sai ya bushe sarai, a buɗe ƙofofin iska a sama da ƙasa, a ɗora kaya a kan katakai, a ɗaga kwantenar kanta a kan bulo don kada ruwa ya kwanta a ƙarƙashinta. Zafin yana sassauta gam yana kuma lanƙwasa roba, don haka inuwa ko farin fenti a rufi suna taimakawa. Ba a ajiye man fetur ko gwangwanayen fenti a ciki. Tirelar da ke waje kuwa a ɗaga ta a kan jak ko katako don kada tayoyi su lotsa, a cire batir, a shafa giris a inda ya kamata, a gwada birki wata guda kafin fita.

Zauren haɗin gwiwa

Inda ƙungiyoyi suke da yawa a gari ɗaya, sukan haɗu a ƙarƙashin rufi ɗaya, sau da yawa da hannun hukumar gari a ciki. Viareggio a Italiya, mai bikin da ya faro tun 1873, ta buɗe rukunin zaurukanta a 2001, zaure 16 kewaye da fili guda. Rio de Janeiro ta buɗe nata, Cidade do Samba, a 2006, kowace babbar ƙungiya da nata zaure. Ko a ƙaramin mataki amfanin ɗaya ne: ana raba kuɗin haya da gadi da inshora, ana raba injin ɗaga kaya, sabon shiga yana koyo daga tsohon hannu da ke aiki a gefensa.

Amma wuta idan ta tashi ba ta san iyakar ƙungiya ba. Ranar 7 ga Fabrairun 2011, saura kusan wata guda biki, gobara ta kama a Cidade do Samba ta cinye kayan ƙungiyoyi uku, Grande Rio da Portela da União da Ilha, har aka cire su daga gasar maki a wannan shekara. Wuri ne da aka gina musamman don wannan aiki. Idan haka ta faru a can, zauren da aka raba da labule ko allon katako kawai ya fi zama abin tsoro. Kafin ku shiga haɗaka ku tambayi abin da ke tsakanin wurinku da na maƙwabci, ko bango ne da zai tsayar da wuta. Ku tambayi wa ke ba da izinin walda, wa ke zagayawa na ƙarshe kafin a rufe, ina ake ajiye fenti. Idan amsar ita ce kowa yana kula da nasa, to babu mai kula.

Akwai kuma ƙananan rigingimu da ba sa ƙarewa: wa ya toshe ƙofa, wa zai fara fita ranar fareti, wa ya ɗauki tsanin wa, wa ya leƙa zanen da ake ɓoyewa. Rubutacciyar doka da mutum ɗaya mai faɗa a ji suna kashe yawancinsu.

Gina naku

Shi ne mafi tsada a farko, mafi kwanciyar hankali daga baya. A Takayama ta Japan kowace keken biki tana da dogon ɗakinta mai kaurin bango da doguwar ƙofa, an gina shi daidai da ita don ya kare ta daga gobara. Wannan na ƙungiyar da ta daɗe ce, mai rajista, mai fili nata ko hayar fili ta shekaru masu yawa, wadda ta tabbata za ta ci gaba da fita bayan waɗanda suka kafa ta sun tsufa. Idan za ku gina, ku sa kuɗin a ƙofa da tsayin rufi da daɓe, sauran ana iya ƙarawa a hankali. Rumfar ƙarfe da kwano mai ƙofa ta mita biyar ta fi kyakkyawan gini mai ƙofa ta mita uku amfani.

Kada ku ajiye komai

Zaɓi ne shi ma. A New Orleans ta Amurka ƙungiyoyi da yawa ba su mallaki mota ba, haya suke yi daga kamfanonin ƙira irin su Kern Studios, inda ake sake fenti da gyaran tsofaffin siffofi su fito a sabon kama. Inda babu irin wannan kamfani, ana iya hayar tirela ta mako ɗaya ko biyu, a ƙera adon a sassa, bayan fareti a mayar da tirela, a ajiye 'yan abubuwa masu tsada kamar fitilu da ƙarafa, sauran a rabar ko a kai wurin sake sarrafawa. Abin da ake rasawa shi ne tarin kaya da ke sa aikin kowace shekara ya fi na bara sauƙi.

| Zaɓi | Kuɗi | Ƙira | Ajiya | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Hayar sito | Mai yawa, kowane wata | Madalla | Madalla | Bashin haya |
| Aron wuri | Kaɗan ko babu | Ya danganta | Ba tabbas | A ce ku tashi, inshora |
| Tanti | Matsakaici | Da kyau | Ba ya yi | Iska, sata |
| Kwantena | Kaɗan, sau ɗaya | Ba ta yi | Da kyau ga sassa | Gumi da zafi |
| Haɗin gwiwa | Matsakaici | Da kyau | Da kyau | Gobarar maƙwabci |
| Gina naku | Mai yawa a farko | Madalla | Madalla | Ƙungiya ta watse |
| Ba ajiya | Kaɗan, kowace shekara | Sai an nemi wuri | Ba buƙata | Farawa daga tushe kullum |

Wanne ya dace da wa

Idan wannan ce fitarku ta farko, ko ba ku tabbata za ku sake ba, ku yi hayar tirela, ku ari wuri da takarda, kada ku sayi komai mai girma. Makaranta ko ƙungiyar matasa da ke fita sau ɗaya a shekara da mota ɗaya, a ganina babu abin da ya fi mata kwantena don ajiya tare da aron wuri ko tanti na makonnin ƙira, da sharaɗin a zana motar a sassa tun daga takarda. Wannan haɗin ne nake ba mafi yawan masu tambaya shawara, don shi ne ke raba buƙatun biyu ya biya kowanne da kuɗin da ya dace da shi.

Masu ƙera mota mai tsayi ƙwarai wadda za a wargaza bayan biki, musamman ta ɗanyun furanni, tanti kusa da wurin tashin fareti ya fi musu, domin yana raba su da matsalar ƙofa da ta gada gaba ɗaya. Ƙungiyar da ke da mota biyu zuwa sama, ko mai injina da sassa masu motsi da ake gyara duk shekara, ko mai fita sau da yawa, ita ce hayar sito ke biya wa buƙata, kuma sai bayan ta yi rajista ta tanadi kuɗin haya na aƙalla wata shida a asusu. Inda ƙungiyoyi uku ko fiye suke gari ɗaya, su je wurin hukumar gari tare su nemi zaure, su sa bangon tsare wuta da dokar walda a cikin sharuɗɗan farko. Gini kuwa a bar shi ga ƙungiyar da ta shekara goma tana fita, tana da fili a rubuce da sunanta, kuma ta riga ta san tsayin motar da za ta riƙa ƙerawa.